Furen da Ya Haura Katangar Hajiya Uwa

Hansai ta fito da faifan daddawarta za ta shanya, sai ta yi turus a tsakar gida.

Gindin katanga cike yake da ganye, ɗanye shar, an daddatse shi da lauje an watso mata ta sama kamar shara. Har da furanni a ciki. Har da 'ya'ya ƙanana kamar ƙwan zabo, waɗanda ko fara nuna ba su yi ba.

Ta dire faifan, ta riƙe ƙugu.

"Maijidda! Fito ki ga aikin surukarki!"

Maijidda ta taso daga kan keken ɗinkinta. Ɗiyar ƙanin Hansai ce, marainiya, a hannunta ta tashi tun tana rarrafe. Tana ganin ganyen ta durƙusa, ta ɗauki fure ɗaya tana juya shi, hawaye na bin fuskarta.

"Gwaggo, me ya yi musu?"

"Shi bai yi musu komai ba. Ke suke sara, shi suka samu."

Duk masifar nan daga leda guda ta faro. Awaisu, autan Hajiya Uwa ta bayan katangarsu, direba ne, yana ɗaukar masara daga Funtua zuwa Jos. Shi ke neman Maijidda, har manya sun tsai da Asabar mai zuwa za su zo sa rana. Bara ya zo zance da wasu 'ya'yan itace rawaya, ya ce fashon ake ce musu a can. Maijidda ta fasa ɗaya ta tsotse, tsami da zaƙi da ƙamshi suka cika mata baki, ta ƙi zubar da ƙwayoyin.

Matta ce ta koya mata shukar, wata Kirista 'yar Kafur da ke kawo mata ɗinki, wadda ta yi zaman Jos. A wanke irin, a goga shi kaɗan a dutsen niƙa, ya kwana a ruwan ɗumi, a zuba shi a baƙar leda da yashi da kashin awaki, a aje a inuwa. Sati ya bi sati ƙasa shiru. Hansai har tsiya take mata, wai tana ba wa leda ruwa kamar mai jinya. Da suka tashi fitowa kaji suka yi kansu, akuya ta ƙarasa wasu, biyu suka tsira. Su ta dasa a gindin katanga.

Awaisu da hannunsa ya buga ƙusoshi ya ja waya, ranar da uwarsa ta tafi biki Malumfashi. Abin ya kama waya ya yi ta yaɗo, ya cika katanga, ya haura, ya zuba ta wancan gefen, daidai tagar ɗakinsa.

Sai dai furen zubewa yake yi, ba ɗa. Matta ta ce a Jos wani ƙaton ƙuda ne ke yi wa furen barbara, a nan kuwa feshin gona ya kore shi. Ta ce a samu gashin kaza, bayan azahar in furen ya buɗe, a shafo rawayan garin da ke cikin na wannan gindi a shafa wa na wancan.

Kazarsu ɗaya, kuma baƙa ce.

To ranar nan Hajiya Uwa ta fito alwala, ta ɗaga kai, ta ga budurwa tsaye kan turmi, kai a saman katanga, baƙin gashin kaza a hannu, tana shafa wani fure mai zare-zare kamar ido, a saman tagar ɗanta, bakinta na motsi. Waƙa yarinyar ke yi. Amma wa ya tambaye ta?

A gidan suna Hajiya ta kwance maganar, gaban matan unguwa kaf. Wai an binne wa Auta baƙar leda a gindin katanga, ana yi masa tofi da gashin kaza, shi ya sa ba ya ganin kowa sai 'yar gidan Hansai. Kafin la'asar maganar ta kai bakin titi. Washegari aka aiko cewa Asabar ɗin an ɗaga, sai abin da hali ya yi.

Yau kuma ga lauje.

*

Da hantsi aka yi sallama a zaure. Awaisu ne, ko wankan hanya bai yi ba.

Maijidda ta ja mayafi ta fita. Hansai ta ɗauki tsintsiya ta bi bayanta, ta tsaya jikin ƙofa tana sharar wurin da ta riga ta share. Kunya ba ta cikin lissafinta yau.

"Yaya Awaisu, ka ga abin da aka yi mini?"

"Na gani, Maijidda. Wallahi tun Saminaka da aka buga mini waya ban iya cin komai ba."

"A kasuwa jiya mai kayan miya ya ƙi karɓar abu daga hannuna, ya ce in aje a ƙasa. Mata biyu sun aiko an kwashe ɗinkinsu. Ni ce yau ake nunawa da baki."

"Ki daina kukan nan, kina ƙona mini rai."

"Kai ka yarda na yi maka asiri?"

"Haba! In asiri ne ki ƙara, ni ban ƙoshi ba."

Ta yi 'yar dariya cikin kuka. Hansai ta ja tsaki a ranta. Ka ji shi, bakin zance kamar zuma, a gaban uwarsa kuwa kamar an ɗinke shi.

"To ka faɗa wa Hajiya kai ka kawo shi? Ka faɗa mata kai ka ja wayar?"

Hansai ta dakata da shara ta kasa kunne.

"Yaya Awaisu?"

"Maijidda, kin san Hajiya. Ta hana ni shiga cikin gidanku kafin a sa rana. In ta ji na shiga har na hau katanga, wata wutar ce sabuwa. Kuma hawan jininta..."

"Ni nawa jinin ba ya hawa ke nan."

"Ba haka ba ne. Saurara, na samo mana mafita. Na durƙusa mata da asuba, ta ce in kun tuge abin nan daga saiwa kun ƙona, ta ga tokar da idonta, za ta bar su Baffa su zo ranar Asabar. Shi ke nan fa. Ciyawa ce, Maijidda. In mun tare na kawo miki buhu guda ki shuka."

"In na tuge, ai na ce na yi ke nan."

"Wa zai tuna? Wata biyu an manta."

"Ni zan tuna. Duk matar da ta zo ganin ɗakina za ta tuna."

Muryarsa ta canza. "Ko dai maganar da nake ji gaskiya ce? An ce Alhaji Lawal mai shagon taki ya sake aikowa wurin Kawunki Mudi."

"Ya aiko. Kawu ya ce tunda sunana ya ɓaci, in kama wanda ya miƙo hannu. Na ce masa ko maza sun ƙare ba na so. Kai kuma da wannan za ka saka mini?"

"Yi haƙuri. Kaina ne ya ɗau zafi. Ba zan iya ganin ki a gidan wani ba, wallahi sai dai in bar ƙasar nan. Ki taimake ni, Maijidda. Ki tuge shi. Don Allah, don son da kike mini."

Kukanta ya ƙaru. Hansai ta ji lokacin da yarinyar ta fara sassautowa. Ta yar da tsintsiya ta faɗa zauren.

Awaisu ya zube ƙasa. "Gwaggo, ina kwana."

"Ban kwana ba. Kai, ɗago ka dube ni. Wa ya kawo abin nan gidan nan?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Wa ya ari gudumata ya buga ƙusa, har ya fasa mini bakin randa?"

"Ni ne."

"To bakinka na aiki ashe. A nan kawai yake aiki? Ƙato da kai, kana juya mota mai taya goma a hawan Jos, amma ka kasa juya harshenka gaban tsohuwa. An kira ɗiyata matsafiya a gaban mata, kai kuma ka zo da mafita. Mafitar uwaka!"

"Gwaggo, don Allah," in ji Maijidda.

"Rufe mini baki. Ni ban yi boko ba, ban yi allo mai nisa ba, amma na san wanda ya ƙona abu a ɓoye ya amsa laifi. Ko ganye ɗaya ba za a ƙona ba. A bakin mata aka ɓata ta, a bakin mata za a wanke ta. Tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi ya fita, kai a ƙasa.

Maijidda ta bi ta ciki tana kuka. "Gwaggo, in kika je kika yi faɗa shi ke nan, kin raba mu. Ni na haƙura da sunan. Shi nake so."

Hansai ta juyo ta dube ta. Tausayi ya taso mata, ta danne shi.

"Yau kike son shi. Sunan kuwa da shi za a binne ki."

*

Hansai ba ta iya zama ba. Ta hura wuta ta kashe. Ta ɗauko daddawa ta mayar. Ana sallame azahar ta jiyo hayaniyar mata ta bayan katanga, an taru gidan Hajiya Uwa ana ɓarar gyaɗa. Abin da take jira ke nan.

Ta zari gashin kazar daga jikin azara inda Maijidda ke soke shi, ta kwashi ganyen da aka watso cike da zaninta, ta fita ko takalmi babu.

"Salamu alaikum, in da mai amsawa!"

Mata sun kai goma a kan tabarmi. Hajiya Uwa na kan kujera 'yar tsugunno, carbi a wuya. Hansai ta zazzage ganyen a tsakiyar gyaɗar.

Mata suka watse da salati. Wata har da janye ɗanta.

"Ku zauna, ba ya cizo. Uwa, ga kayanki na dawo miki da su. Wanda ya yanka shi ke da nama."

"Hansai, kwashe ƙazantar nan daga gidana."

"Sai kin maimaita. Abin da kika faɗa gidan suna ba na nan, faɗe shi yanzu ga ni."

Hajiya ta gyara zama. "Abin da idona ya gani na faɗa. Na ga yarinya kan turmi ko ban gani ba? Na ga baƙin gashi ko ban gani ba?"

"Ga shi ma." Hansai ta ɗaga shi sama. "Na kazata ne, wadda ke shigowa nan tana cin tsabarki. In tsafi ne, kin daɗe kina kiwon shi."

Wata ta ƙyalƙyale, ta toshe baki.

"Barbara ake yi wa furen, Uwa. Kamar yadda ake kai akuya gidan mai bunsuru. Garin wannan a kai wa wancan, in ba haka ba ba ya haihuwa."

"Fure da barbara! Kun ji ko? Yaushe kuka taɓa ganin an bi kabewa da gashin kaza? Kuma me ya kawo shi tagar Auta, duk faɗin gidanki?"

"Tambayi wanda ya ja masa waya."

"Wa?"

"Yana ɗaki yana jin mu. Awaisu! Fito, ko in shigo in fito da kai!"

Labule ya motsa. Awaisu ya fito ya durƙusa nesa da matan, idonsa a ƙasa.

"Auta," in ji Hajiya, a hankali, "kana da abin faɗa?"

Ya buɗe baki. Ya dubi uwarsa, ya dubi matan. Ya rufe.

Hansai ta dubi gashin kazar da ke hannunta. Ashe haka za ta koma? Ta zo da ƙafarta, ta tara wa yarinya wani abin kunyar a kan na da?

"Kun gani," in ji Hajiya. "Yaron da ko..."

Ƙaf!

Kowa ya waiga. Daga bayan katanga ne.

Ƙaf! Ƙaf!

Sauran ganyen da ke saman katangar ya girgiza. Hansai ta gane sautin fartanyarta. Tsakanin sara da sara ana jiyo shessheƙa.

"Maijidda!" ta ƙwala. "In kika sake sara, ban yafe ba!"

Ƙaf!

Awaisu ya miƙe zumbur. Ya waiga, ba tsani, ba kujera. Turmin uwarsa na gefe da sauran ƙaiƙayi a ciki. Ya kifar da shi, ya gangara shi gindin katanga, ya haye.

"Maijidda! Aje fartanyar nan!"

Muryarta ta zo ta bayan katanga. "Kai ka ce in tuge."

"Na janye. Ƙarya nake, tsoro ne. Aje, don girman Allah, kin ji masa ciwo."

"In na bari ba za su zo ba."

"Ki bari na ce!"

Hajiya Uwa ta miƙe tsaye. "Auta! Kan turmi? Namiji? Sauko, kada ka jawo mana abin faɗa!"

Ya juyo, hannu ɗaya riƙe da katanga. Fuskarsa sharkaf, ba a san gumi ba ne ko hawaye.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ni na kawo shi daga Jos. Ni na shiga gidansu ranar da kika tafi Malumfashi, na buga ƙusa, na ja waya. Ni na karkato da ita wajen tagata da gangan, don in na buɗe ido in ga abin da hannunta ya shuka. Ita ce ma ta ce kada in yi. Na ɓoye miki don kin hana ni shiga. Kika zage ta a gaban mutane, labari ya iske ni, na yi shiru. In akwai wanda ya yi wa wani mugun abu a nan, ni ne."

"An shanye shi," in ji Hajiya, tana duban matan. "Kun ji da kunnenku, ba bakinsa ba ne."

Amma matan ba ita suke kallo ba. Ƙaton direba suke kallo, tsaye kan turmi, singileti da wandon aiki, fure ya maƙale masa a kunne. Rabi'atu mai koko ce ta fara dariya. Ta yi ta riƙewa har ta kasa, ta faɗi kan gyaɗa.

"Wayyo cikina! Hajiya, ga naki matsafin nan, saura a ba shi gashin!"

Hansai ta miƙa masa. "Karɓi. Ka gwada musu, tunda ka iya hawa."

Ya karɓa. Ya shafo garin wani fure ya kai wa wani. Rawayan gari ya zubo masa a hanci, ya yi atishawa har turmin ya yi gefe. Gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Maƙwabta suka fara leƙowa ta zaure.

"Sauko, Auta!" Muryar Hajiya ta karye. "Ana kallon ka!"

"Ita ma an kalle ta, Hajiya. Ba zan sauko ba sai kin wanke ta. Ki yi mini duk hukuncin da kika so daga baya, na ɗauka."

Hajiya ta dubi zaure, ta dubi ɗanta. Ta koma ta zauna daɓas.

"Na janye," ta ce, can ƙasa.

Hansai ta kara hannu a kunne. "Na tsufa, Uwa, kunnena ya yi nauyi. Gidan suna an ce har na bayan gida sun ji ki."

"Na ce na janye! Yarinya ba ta yi komai ba, zato ne, Allah ya yafe mini. Ya ishe ki?"

"Rabi'atu, kin ji? To ke kika kai waccan bakin titi, wannan ma ki kai ta, da zafinta."

Awaisu ya sauko ya zube gaban uwarsa. Ba ta dube shi ba. Hansai take kallo, ido jawur, kallon da ke cewa yarinyar ai gidan nan za ta zo. Hansai ta gane sarai. Ta yi nasara, kuma a ƙarƙashin wannan idon Maijidda za ta yi shara da girki.

"Asabar," in ji Hajiya da ƙyar, "su Baffansa za su zo."

"Su zo, tabarma na nan," in ji Hansai. "Amma ku sani, ɗiyata ba za ta zauna tsakar gidan nan ba. Mai iya kai masara Jos ya iya kama ɗaki a Funtua. In bai iya ba, kada su wahalar da takalmansu."

"Hansai! Autan nawa za ki ɗauke?"

"Ni ma ita ke nan gare ni."

Ba ta jira amsa ba. Ta karkaɗe zaninta ta fice.

Ta tarar da Maijidda zaune a ƙasa, fartanya a gefe. Gindi ɗaya ya rabu biyu, ya tafi. Ɗayan sara guda ya samu, yana ta zubar da ruwa. Yarinyar ta ji komai ta katanga, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

"Gwaggo, Funtua fa kika ce. In ya ƙi?"

"In ya ƙi, kin san da wa kika yi. Tashi ki kwaɓo mini laka, ki yago tsumma a kekenki. Wannan bai mutu ba tukuna."

Maijidda ta ruga. Hansai ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta haɗe bakin saran da yatsunta ta riƙe gam.